Take da Kirari a Mabuɗin Jabun Wasa: Nazarin Mundial Ronaldinho Soccer 64 Daga Lima Zuwa Makka

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci mabuɗin wani jabun wasan ƙwallon ƙafa na na'urar Nintendo 64 mai suna Mundial Ronaldinho Soccer 64, wanda ya ɓulla a Kudancin Amurka a ƙarshen shekarun 1990, ya kuma zama abin yayi a intanet a 2020. An ɗora nazarin a kan ma'aunai biyu na adabin bakan Hausa, wato take da kirari. Maƙalar na ganin cewa mabuɗin ya yaɗu ne domin an gina shi da siffar take, kuma dariyar da ya jawo iri biyu ce: ta wanda ya tashi da jabun kaya, da ta wanda ya tsinci abin daga nesa. An kawo misalin faifan ƙwallo masu faci da matasan Makka suka tashi da su, har da jikokin Hausawa mazauna birnin, domin a ga inda mai nazarin Hausa ya tsaya a tsakanin dariyoyin biyu.

Fitilun kalmomi: take, kirari, sara, jabu, faci, Makka

1.0 Gabatarwa

A watannin kullen annobar korona na 2020, masu amfani da YouTube da Twitter da Instagram sun yi ta cin karo da wani irin gajeren bidiyo. Yakan fara da abin da ke jan hankali, ko yankin wani fim ko labarin da ake ɗokin jin ƙarshensa, sai a datse shi daidai inda mai kallo ya miƙa wuya. Kiɗa ya tashi, hoton wani ɗan ƙwallon Birazil ya bayyana, wata murya mai kauri ta ƙyalƙyale da dariya, ta kira sunan wasa da iyakar ƙarfinta. Daƙiƙoƙi kaɗan ne, kuma babu wani saƙo a cikinsu in ban da sunan. Abin da aka liƙa ɗin mabuɗin wani tsohon wasan bidiyo ne na satar fasaha, wanda da yawa daga masu yaɗa shi ba a ma haife su ba lokacin da aka sayar da kaset ɗinsa.

Irin wannan abu shi Turawa ke kira mim. Richard Dawkins ne ya ƙirƙiri kalmar a littafinsa The Selfish Gene na 1976, daga baya Limor Shifman ta taƙaita ma'anarta ga rayuwar intanet a Memes in Digital Culture, inda ta nuna cewa mim tarin abubuwa ne masu kwaikwayon juna ta fuskar ƙunshiya da siga da matsayar mai yin su. Hausa ba ta rasa kalmar da za ta ɗauki wannan nauyi ba. Sara, a yadda masana harshe ke amfani da ita, zance ne ko salo da ke tashe na wani lokaci, kowa ya ɗauka ya juya shi yadda ya so, sannan a bar yayinsa. Da ita za a yi aiki a wannan maƙala.

Tambayar da aka sa a gaba ita ce: me ke cikin waɗannan 'yan daƙiƙoƙi da ya sa suka rayu bayan wasan kansa ya mutu, kuma su wa ake yi wa dariya idan an kunna su?

2.0 Wasan Halal Mai Sunayen Ƙarya

Gangar jikin wasan ta kamfanin Konami na Japan ce. Shi ya fitar da International Superstar Soccer a na'urar Super Nintendo a 1994, da ci gabansa mai laƙabin Deluxe a 1995, sannan International Superstar Soccer 64 a 1997. Wasanni ne da suka yi fice wajen daɗin sarrafa ƙwallo, amma suna da giɓi babba: kamfanin bai sayi lasisin sunayen 'yan wasa ba. Don haka sai ya cika ƙungiyoyin ƙasashe da sunayen da ya ƙaga. Gwarzon Birazil a wasannin farko wani ne wai shi Allejo, mutumin da bai taɓa taka ƙasa ba, amma har yau 'yan Birazil na tuna shi kamar ɗan uwa. Ƙungiyoyin gida kuwa, irin su Flamengo da Corinthians da Palmeiras, babu su sam.

Ga kuma tsada. Birazil ta daɗe tana ɗora haraji mai nauyi a kan kayan lantarki na waje, kuma sai a 1993 Nintendo ya samu wakili na hukuma a ƙasar. Yaro talaka ba ya mallakar na'ura. Yana zuwa shagon haya ne ya biya kuɗin awa, kamar dai gidajen gem na Kano da Zariya. Kaset kuma sau da yawa ta kasuwar Ciudad del Este da ke kan iyakar Paraguay yake shigowa. A cikin wannan giɓi ne wasu matasa masana kwamfuta a Lima, babban birnin Peru, suka samu sana'a. Ƙungiyarsu, Twin Eagles Group, ita ake danganta wa jerin kaset ɗin da suka mamaye shagunan Birazil, irin su Futebol Brasileiro 96 da Ronaldinho Soccer 97, har zuwa wanda ake magana a kansa. Aikinsu shi ne su farke wasan Konami, su cire sunayen ƙarya su zuba na gaskiya, su saka ƙungiyoyin gida da rigunansu, su ɗora muryar mai sharhi da wani gaurayen Sifaniyanci da harshen Fotugis wanda ya zama abin tsokana a Birazil.

A nan akwai abin da ya kamata mai nazari ya dakata a kansa. Wasan da doka ta amince da shi shi ne mai ɗauke da sunayen ƙarya. Jabun shi ya kira mutane da sunayensu. Idan aka ce "na asali" da "na jabu", ana maganar wanda ya mallaki haƙƙi ne kawai. Ta fuskar duniyar da yaron São Paulo ya sani, kaset ɗin Lima ya fi na Japan faɗin gaskiya.

2.1 Wane ne Ronaldinho?

Abu na farko da ya ba masu kallo na 2020 dariya shi ne fuskar ba ta dace da sunan ba. An rubuta Ronaldinho, amma wanda ke hoton Ronaldo Nazário ne, mai askin ƙwal-kwabo, ba mai dogon gashin nan da ya yi tashe a Barcelona daga 2003 zuwa 2008 ba. Sai aka ɗauka ɗan jabu ne ya yi irin tasa, ya kasa bambance taurari biyu.

Bai kasa ba. Ɗafin "-inho" a harshen Fotugis na nuna ƙanƙanta ne, kamar yadda a gidan da aka samu masu suna ɗaya ake cewa wane babba da wane ƙarami. Lokacin da Ronaldo Nazário ya je Gasar Cin Kofin Duniya ta 1994 yana ɗan shekara 17, akwai wani Ronaldo a tawagar wanda ya girme shi, ana ce masa Ronaldão, wato babban. Shi kuma ya zama ƙaramin. Da sunan Ronaldinho a bayan rigarsa ya buga gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. 'Yan Najeriya na da dalilin tuna wannan riga: shi ya ci ƙwallo ɗaya tilo da Birazil ta doke Najeriya da ita a zagayen rukuni, kafin a sake haɗuwa ranar 31 ga Yuli a wasan kusa da na ƙarshe, Najeriya ta farfaɗo daga 3 da 1 ta yi nasara da 4 da 3, Nwankwo Kanu ya ci biyun ƙarshe. Ronaldinho na biyu, ɗan Porto Alegre, sai a 1999 ya shiga babbar tawagar ƙasar, ya gaji laƙabin har ya shafe mai shi na farko.

Ke nan mai kaset ya rubuta daidai a zamaninsa. Shekaru ne suka mayar da daidansa kuskure, kuma wannan kuskuren da ba nasa ba shi ya zama rabin abin dariyar. Wani abin da ya ƙara armashi shi ne, a watan Maris na 2020 'yan sandan Paraguay sun kama Ronaldinho na biyu da yayansa a Asunción bisa shiga ƙasar da jabun fasfo. Ya yi kwana 32 a tsare, aka mayar da shi ɗaurin talala a otal, ba a sallame shi ba sai a watan Agusta. Ba sai an ce wannan ne ya haifi sarar ba. Abin da za a iya cewa shi ne a wannan shekara kunnuwan duniya sun riga sun saba jin sunan Ronaldinho da kalmar jabu a jimla ɗaya.

3.0 Mabuɗin a Matsayin Take

Manazarta waƙa, tun daga tsarin feɗe waƙa da Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa, sun saba ware mabuɗi su dube shi shi kaɗai, domin a nan mai fasaha ke bayyana wane ne shi da wanda ya dogara gare shi. Mabuɗin wasan bidiyo na kamfani ma haka yake: tambarin kamfani, alamar haƙƙin mallaka, sunan wasa. Shaidar mallaka ce. Saboda haka shi ne wurin da ɗan jabu ya fi buƙatar gogewa ya rubuta nasa, kuma yadda ya rubuta nasan shi ne abin sha'awa. Bai ɓuya ba, bai yi ƙoƙarin ya saje da na asali ba. Ya ɗaga murya ne.

A al'adar Hausa, take gajeren kiɗa ne da aka keɓe wa mutum ko sarauta ko sana'a. Sarki na da nasa, ɗan dambe na da nasa, maharbi da ɗan tauri da manomin gayya kowa da nasa. Ba ya ba da labari, ba ya kawo hujja. Aikinsa uku ne: ya sanar da isowa, ya tsuma mai shi, ya kame fage. Kirari kuwa shi ne kalmomin da ke rakiyarsa, ko mutum ya yi wa kansa ko sanƙira ya yi masa, kuma ginshiƙinsa kiran suna da cika baki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan dambe ya san cewa kafin a kai naushi ko ɗaya, an riga an ci rabin wasan da kalangu da kururuwa.

Mabuɗin Mundial Ronaldinho Soccer 64 na da waɗannan siffofi duka. Gajere ne. Ana gane shi daga bugun farko. Kalmominsa suna ne kawai, an ja shi an ƙawata shi kamar yadda maroƙi ke jan sunan ubangidansa. Dariyar da ke cikinsa ma, wadda masu kallon yau ke ji kamar ta raha, a wurinta na asali dariyar cika baki ce, irin ta wanda ya shigo fage yana ganin babu na biyunsa. Murya ce ta mutumin da ya ɗauki kayan wani babban kamfani, ya sake musu suna, kuma bai ga abin jin kunya a ciki ba.

Shi kansa sunan taswirar fatauci ne. "Mundial" kalmar Sifaniyanci da Fotugis ce ta Gasar Kofin Duniya. "Ronaldinho" laƙabin gida ne na Birazil. "Soccer" Turancin Amurka ne, wanda aka gada daga sunan Konami. Lamba 64 kuma ta na'urar Japan ce. Ƙasashe huɗu ke nan a layi ɗaya, kowace ta bar sawunta, ba a kuma damu a daidaita su ba. Kaurin muryar da ɗan karkarwar da ke cikinta su ma suna da dalili na zahiri. Kaset ɗin Nintendo 64 mafi girma megabait 64 yake ɗauka, alhali faifan PlayStation na wannan zamani na ɗaukar sama da 600. Duk muryar da za ta shiga kaset sai an matse ta, balle wadda aka ɗauka ba a ɗakin ɗaukar sauti na kamfani ba.

To me ya sa take ke saurin zama sara? Domin shi abu ne mai ciruwa. Tun asali an yi shi ne ya tsaya da ƙafarsa, ba ya buƙatar fassara, kuma ma'anarsa duka na rataye ne a kan dacewar wuri. Taken ɗan dambe a fagen dambe tsuma yake sa wa. A kaɗa shi a wurin ɗaurin aure, sai jama'a su fashe da dariya, ko da ba a sauya masa bugu ɗaya ba. Abin da masu sarar 2020 suka yi ke nan. Sun ɗauki take suna kaɗa shi a duk inda ba fagensa ba.

Kwatanta shi da takwarorinsa zai ƙara fito da wannan. Tarkon da aka daɗe ana ɗana wa mutane da waƙar Rick Astley ta 1987 ya dogara ne a kan yaudarar mahaɗi: an ce maka ga abu kaza, ka latsa, ka faɗa wani wuri. Sarar masu rawa da akwatin gawa na Ghana, wadda ta yi tashe a watanni ɗaya da wannan, datsewarta na da ma'ana: da zarar sun bayyana, an san wanda ke cikin bidiyon farko ya gamu da ajalinsa. Datsewar Ronaldinho ba ta yanke hukunci a kan komai. Isowa ce zalla, ta baƙon da ba a gayyata ba kuma bai san ba a gayyace shi ba. A ganina wannan ne ƙarfinta, shi ne kuma ya gajarta kwananta, domin take da aka raba da mai shi ba ya jure yawan maimaici.

4.0 Dariyar Gida da Dariyar Baƙo

Brian Larkin, a maƙalarsa ta 2004 a mujallar Public Culture da littafinsa Signal and Noise na 2008, ya yi nazarin kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, inda aka riƙa kwafar finafinan Indiya da na Amurka a kaset. Ya nuna abu biyu da suka shafi wannan bahasi. Na farko, hanyoyin da satar fasaha ta shimfiɗa su ne daga baya finafinan Hausa suka bi suka kai ga masu kallo. Na biyu, dusashewar hoto da shaƙewar sauti ba tangarɗa ce ta lokaci-lokaci ba a wurin mai kallo na Kano. Ita ce yanayin da ya san fim a cikinsa. Bayan haka Hito Steyerl ta rubuta In Defense of the Poor Image a 2009, tana kare hoto mai rauni da cewa abin da ya rasa na kyau ya same shi a saurin yawo.

Ina tare da Larkin, amma ina da ja a kan yadda ake yawan karanta Steyerl. Gaskiya ne rauni na sa abu ya yi saurin yawo. Sai dai yawon ba ya tafiya da tarihin abin. Mabuɗin ya isa wayoyin duniya ba tare da shagon haya ba, ba tare da harajin kwastan ba, ba tare da sunan waɗanda suka zauna a Lima suna warware lambobin Konami ɗaya bayan ɗaya ba. Aikin da aka yi don toshe giɓin da kasuwa ta bari ya koma shaidar rashin iya aiki.

Shi ya sa matsayar mai yi, wadda Shifman ta lissafa, ta fi komai muhimmanci a nan. Ɗan Birazil ɗan shekara arba'in da ya tura wannan bidiyo yana dariyar kansa ne da ƙuruciyarsa. Ya san muryar, ya san ƙurar shagon, ya san yadda ake hura kaset idan ya ƙi tashi. Wanda ya tashi da kaset na asali a cikin kwalinsa, shi kuma abin da yake gani shi ne wani abu baƙo, mai karyayyen harshe, daga ƙasashen da ba su iya yin nasu ba. Hausa ta bambance waɗannan biyun tun tuni. Wasan taubasai da na Katsinawa da Gobirawa na iya kai wa ga maganar da ta fi zagi zafi, amma zumunci ne ya halatta ta. Maganar nan ɗaya, idan ta fito daga bakin wanda ba ya cikin zumuncin, ta zama ba'a. Intanet na kwashe maganar ta bar zumuncin a baya.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun wajen 2019 guntayen finafinan Osita Iheme da Chinedu Ikedieze, waɗanda Aki na Ukwa ya fito da su a farkon shekarun 2000, suka zama kayan raha a duniya, a hannun mutanen da ba su san sunan fim ɗin ba. Guntayen marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, har yanzu suna yawo a WhatsApp, sai dai su galibi a cikin gida suke yawo, a tsakanin masu jin abin da yake faɗa. Fassarar finafinan Indiya da Algaita ta shahara da ita kuwa ita ce 'yar uwar kaset ɗin Lima ta kusa: jikin aro, muryar gida, da ƙarfin halin sauya wa jarumi suna. Ranar da wani yanki nata zai tsallaka zuwa hannun waɗanda ba sa jin Hausa, abin da zai rage musu shi ne sautin kawai.

5.0 Makka da Faifai Mai Faci

Zai yi kyau a gwada wannan rabe-rabe a wani wuri da ba Birazil ba, ba kuma Turai ba, inda Hausawa ke da tsohon zama. Makka ta dace. Jikokin alhazan da suka bi hanyar Chadi da Sudan a ƙasa, musamman bayan faɗuwar Sakkwato da yaƙin Burmi a 1903, sun kafu a unguwanni irin su Sharar Mansur da Misfala da Jarwal. Da yawansu na ɗauke da nisbar Hausawi, kuma ƙwallon ƙafa na daga cikin fagagen da sunan ya fi fitowa fili. A tawagar Saudiyya ta Gasar Kofin Duniya ta 2018 akwai masu wannan suna har uku, Usama da Umar da Mu'utaz, dukkansu 'yan baya. Usama, wanda ya riƙe kyaftin, haifaffen Makka ne, kuma a Al-Wahda, ƙungiyar birnin, ya fara.

Yaron da ya tashi a waɗannan unguwanni a zamanin PlayStation 2 ya tarar da giɓin da yaron São Paulo ya tarar shekaru goma kafinsa. Wasan Konami, wanda a lokacin ake kira Winning Eleven ko Pro Evolution Soccer, shi ne abin so, amma babu gasar Saudiyya a cikinsa, babu sharhin Larabci. Sai a FIFA 12 kamfanin EA ya saka sharhin Larabci na hukuma da muryar Isam Shawali ɗan Tunisiya da Abdullahi Al-Harbi ɗan Saudiyya, sai kuma a FIFA 13, a 2012, gasar Saudiyya ta shiga. Kafin nan masu gyara ne suka riƙe fagen. Sukan saka Al-Hilal da Al-Ittihad da sauran ƙungiyoyin gida, su yanko muryoyin masu sharhi daga wasannin da aka nuna a talabijin su liƙa, a ƙona a faifai a sayar da araha. Kalmar da masu wannan aiki ke amfani da ita a Turanci ita ce Hausa ta riga ta ara tun zamanin keke ta mayar faci, kuma ma'anar ba ta kauce ba: toshe huda da abin da ke hannu, don tafiya ta ci gaba.

Faifai mai faci na da nasa kirarin. Da yake muryar an yanko ta ne daga wani wasa na gaske, takan yi kururuwar da ta fi abin da ke faruwa girma, ko ta yabi wanda ba ya filin. Masu bugawa sun san da haka, suna kuma jin daɗinsa. Wanda ya tashi da wannan, idan mabuɗin Ronaldinho ya faɗo masa a waya a watannin da Makka ke ƙarƙashin dokar hana fita ta awa 24, wadda aka sa ranar 2 ga Afrilun 2020, ba ya buƙatar jin harshen Fotugis kafin ya gane abin da yake ji. Wannan ya nuna cewa iyakar da ke tsakanin ɗan gida da baƙo ba ta ƙasa ba ce, ba kuma ta harshe ba. Taubasantaka ce da kasuwa ta ƙulla tsakanin waɗanda aka bari a waje: Lima da São Paulo da Makka da Kano.

Akwai ma ɗan Arewa da wannan zumunci ya ɗaukaka. Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna, wanda ke cikin tawagar da ta ci zinare a Atlanta, ya buga wa Ajax, ya kuma yi ɗan zaman aro a Al-Ittihad ta Jidda. A tsakanin masu buga Winning Eleven na farkon shekarun 2000, daga Kudancin Amurka har ƙasashen Larabawa, sunansa ya zama daidai da gudu, saboda ma'aunin saurin da wasan ya ba shi. Mutane da yawa da ba su taɓa ganin wasansa na gaske ba sun san shi ta nan, kuma mafi yawan faifan da suka san shi a kai ba na asali ba ne.

Yau fagen ya juya. Asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya sayi kashi 5 cikin ɗari na hannun jarin Nintendo a 2022. A Satumbar 2025 aka sanar da yarjejeniyar da shi da abokan hulɗarsa za su sayi kamfanin EA a kan dala biliyan 55. Riyad ta fara karɓar gasar wasannin bidiyo ta duniya a 2024, Ronaldo na uku, Cristiano, yana Al-Nassr tun farkon 2023, ƙasar kuma za ta karɓi Gasar Kofin Duniya ta 2034. Yaron Makka ba ya buƙatar faci kuma. Amma na'urorin yanzu a haɗe suke da intanet, kamfani na duba abin da ke cikinsu, don haka ƙofar da aka bi aka shigar da Flamengo da Al-Ittihad ta ƙuntata ƙwarai ga wanda har yanzu yake waje. Gasar ƙwallon Najeriya ba ta taɓa shiga jerin gasannin EA ba. Kano Pillars da Katsina United ba su da mazauni a can, kuma babu wasan kamfani da ke sharhi da Hausa, duk da ɗimbin masu sauraron sharhin ƙwallo da harshen a rediyo.

6.0 Abin da Ya Tsira da Wanda ke Ruɓewa

Mabuɗin Ronaldinho ya kai 2020 ne saboda wani ya kwashe abin da ke cikin kaset ɗin ya mayar da shi fayil na kwamfuta, wani ya kunna shi ya ɗauki bidiyonsa ya ɗora a YouTube. Masu sha'awa ne suka yi wannan aiki, kuma doka ba ta bambanta su da ɓarayi ba. Ba don su ba, da babu abin da za a yi sara da shi, babu kuma abin da za a nazarta.

Faifan da aka ƙona a shago ya fi kaset saurin lalacewa. Zafi da ƙura da karce na cinye shi cikin 'yan shekaru. Na'urorin PlayStation 2 da aka yi wa aikin karɓar irin waɗannan faifai suna ƙarewa a hannun 'yan gwangwan. Cibiyoyin adana tarihi sun saba karɓar rubutun ajami da kaset ɗin makaɗa, kuma da wuya a ga dalilin da zai hana a buɗe wa wannan kaya shafi, tunda shi ma shaida ne na yadda matasa suka ji harshe suka kuma kira sunaye a wani zamani. Mai son fara aikin a Makka ko Jidda ko Kano ba ya buƙatar wasan duka. Ya ɗauki hoton bangon faifan, ya rubuta shagon da shekarar da aka saye shi, ya naɗi minti na farko tun daga kunna na'ura har zuwa allon zaɓen ƙungiya, sannan ya nemi wanda ya yi facin ya tambaye shi muryar wa ya ɗora a kai, da kuma inda ya yanko ta.